Wanda Ya Kulle Rijiyar Hollinford

Tun ranar Lahadin da Briony Ashmore ta buɗe baki a kan teburin cin abinci ta ce Joss Skidmore take so ta aura, mahaifinta bai sake kallon ƙwayar idonta ba. Yau Laraba. Kwana huɗu ke nan idan Baba Clive yana son a miƙo masa sukari, butar shayi yake gaya wa.

Abin kuma ya faɗo a mummunan mako, makon yi wa rijiya ado. Duk mai yatsu goma a Hollinford yana cikin tsohon siton coci, a sunkuye kan ƙaton allon katako da aka shafe da ɗanyen yumɓu, ana manna ganyen fure ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito. Ranar Asabar za a kafa allon a bayan rijiya, Rabaran ta sa albarka, motocin baƙi 'yan hutu su cika gari har a rasa inda za a taka. Bayan mako guda yumɓun ya tsage, furen ya bushe, sai kuma baɗi.

Gwaggo Winnie, yayar Baba Clive, ita ce a bakin ƙofa tana tare baƙin da suka zo leƙe.

"Ku matso, 'yan agwagina, amma ban da taɓawa." Haka take kiran kowa, har ɗan sanda. "Shekara ɗari huɗu da suka wuce aka yi fari a nan, rijiyoyi suka ƙafe sai guda ɗaya. Kun ga na hagun nan mai makulli a hannu? Skidmore ke nan. Ya sa wa murfin rijiya kwaɗo, wai tumakinsa sun fi 'ya'yan mutane. Na daman nan mai guduma kuwa kakanmu ne, Ashmore. Shi ya fasa kwaɗon gari ya sha ruwa."

Wata baƙuwa mai hular kaba ta ce, "To me ya sa duk ba su da kai?"

"Kai da suna sai ranar Juma'a. Mai zane ke yin su shi kaɗai, ƙofa a rufe, ba wanda zai gani sai an yaye mayafi ranar Asabar. Shekara talatin da ɗaya ƙanena Clive ke yi, bana hannunsa ya kama rawa, ga 'yarsa can ta gaje shi. Ku dai zo da wuri. Kowa ya tsoma yatsa a ruwa ya watsa wa Skidmore a fuska, sa'ar shekara ke nan!"

Baƙi suka kwashe da dariya. Briony ta ƙara sunkuyar da kai, ganyen furen da ke hannunta ya yage biyu.

Ana cikin haka Piers Langton ya shigo da bokiti cike da fure mai ruwan goro, ya dire a gabanta.

"Na gashin tsohon marowacin ne. Ni na tsinko da kaina, har ƙaya ta soke ni, duba."

A yi wa Piers adalci, ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya, bai taɓa shiga ɗaki ya yi zaton akwai wanda bai yi murna da zuwansa ba. Gidajen saukar 'yan hutu tara gare shi a garin, shi ne kuma ya buga hoton Skidmore Mai Makulli a jikin kofuna da tawul ana sayarwa a gidan shayin Gwaggo. Ba wanda bai san ya riga ya je ya gaida Baba Clive ba, kuma akwai zobe a aljihun rigarsa yana jiran Asabar.

"Na gode," ta ce.

"Godiya kawai? Bri, ki ɗan saki fuska mana. Ki yi masa gashin nan ya tashi buzu-buzu, baƙi sun fi son sa haka."

Briony ta kalli bokitin. Launin gashin Joss ne sak. Ta goge hannu a jikin wandonta ta fice.

* * *

A saman tudu ta same shi, inda hanyar fita gari ta ratsa makiyaya, yana gyaran katangar dutse kusa da ƙyauren shinge. Sana'arsa ke nan, jera dutse kan dutse ba siminti, kuma abin da ya gina ba ya faɗuwa. Wasu 'yan yawo biyu sun wuce sun bar ƙyauren a buɗe, yana ɗaga musu murya.

"Malam! Wanda ya buɗe ya rufe! Ko ku za ku bi tumakin mutane a titi?"

Ya je ya ja ƙyauren ya sa sakata da kansa, yana tsaki. Sai da ya juyo ya gan ta. Idonsa ya fara sauka kan yatsunta kafin fuskarta.

"Ba ki fara ba tukuna," ya ce.

"Sai Juma'a."

"To. Ni kuma Asabar zan tafi. Na karɓi aikin nan na arewa, Bri. Shekara uku."

Ta dafa katanga. "Joss, ka ce za ka jira ni."

"Na jira. Shekara biyu ina zagayowa ta bayan coci don kada ubanki ya ga inuwata. Ban yi ƙorafi ba. Amma da ubanki ne ke yin hoton, ina iya cewa tsoho ne, bar shi. Yanzu ke ce. Hannun da nake riƙewa shi zai zauna ya jera mini gashi a kan mutumin da gari zai watsa wa ruwa."

"Al'ada ce kawai! Fure ne da yumɓu, mako ɗaya ya bushe!"

"Fure ne da yumɓu?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ina ɗan shekara bakwai aka tsoma kaina a kwamin dawakai ranar rijiya, malamarmu tana tsaye tana cewa wasa ne. Mahaifiyata duk makon rijiya ba ta leƙa ko shago, labule a sake, har ta koma ga Allah. Bara wani baƙo ya tare ni a mashaya ya ce in riƙe makulli ya ɗauke ni hoto da matarsa. Na riƙe, Bri. Na yi murmushi ma. Saboda ke na riƙe."

Hawaye suka zubo mata. "Ban sani ba. Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Me zan gaya miki? Ku Ashmore ranar nan a gaba kuke tsayawa, kuna jiran kofin farko na ruwan rijiya. Ba kwa ganin abin da ake yi a baya."

"To in ce ba zan yi ba? Baba ba zai iya riƙe ko allura ba. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Ranar da ya miƙo mini takardar zanen nan kuka ya yi, Joss, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Idan na ajiye masa ita yanzu, bayan maganarka da na kai masa, na kashe shi."

"Na sani. Shi ya sa ban ce ki ajiye ba."

"To me kake so in yi?"

"Ba komai. Ki yi wa ubanki hotonsa. Ni dai ba zan haifi ɗa a garin nan ba, ya fito da wannan gashin, ya tashi ya tarar uwarsa ce ke zana shi ana watsa masa ruwa."

Ta kama hannun rigarsa da hannu biyu. "Don Allah kada ka tafi. Ka ba ni shekara ɗaya. Wata shida. Zan lallashe shi, wallahi zan lallashe shi."

Ya zame hannunta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Nasa idon ma ya kaɗa ya yi ja.

"Kada ki kira ni, Bri. In na ji muryarki zan fasa, in na fasa kuma wata rana zan tsane ki. Gara in tafi ina son ki."

Ya sunkuya ya ɗauki dutse ya yi ta juya shi yana neman gefen da zai zauna. Ta daɗe a tsaye, bai ƙara ɗagowa ba.

* * *

Ranar Alhamis Gwaggo Winnie ta aike ta ta naɗe takardar zane a mayar akwati.

Tsohuwar takarda ce mai kauri, an gaje ta kaka da kakanni, an manna mata ƙyalle a gefe ɗaya don kada ta yage. Zane babu a jikinta sai dubban hudar allura. Ranar Litinin ake shimfiɗa ta a kan yumɓu, a bi hudar nan da allura, a ɗaga, sai ga surar mutanen biyu ta fito a ɗige-ɗige. Bana yumɓun ya yi ruwa da yawa, takardar ta jiƙe, aka rataye ta a bayan sito ta sha iska.

Da Briony ta sauke ta, sai ta ga ƙyallen ya ɓaɓɓako daga kusurwa. Ta sa yatsa za ta danne, ta hango tawada a ƙarƙashi.

Ta ja kaɗan. Ta ƙara ja.

Ashe gefen da aka rufe da ƙyalle shi ne fuskar takardar. Ga zanen nan da tawada da launi, tsaf, kamar jiya aka yi. Mai guduma a hagu, mai makulli a dama. A nan take ta gane: shekara da shekaru a kife ake shimfiɗa ta, allura kuwa ta kowane gefe shiga take, sai mutanen suka yi musanyen wuri, sunaye suka tsaya inda aka saba sa su.

Gashin mai guduma ruwan goro ne. A ƙarƙashin ƙafarsa an rubuta Skidmore. A ƙarƙashin mai makulli kuwa, da rubutu mai kyau har da ƙawa, an rubuta Ashmore.

Ta zauna daɓas a kan ciyawa. Da farko dariya ce ta zo mata, sai ta rikiɗe ta zama kuka.

Da yamma ta shimfiɗa takardar a kan teburin kicin, ta ture farantin dankalin da Baba Clive yake ci.

"Baba, duba."

Ta yi zaton zai zabura. Ta yi zaton zai ce ƙarya ne, ko ya nemi tabarau. Ko kusa. Kallo ɗaya ya yi wa takardar ya kau da kai.

"Gam ɗin bai da kyau," ya ce. "Tun a lokacin na san bai da kyau."

Briony ta zuba masa ido. "Ka sani?"

"Ina da shekara ashirin da shida ta ɓaɓɓako mini, kamar yadda ta yi miki. Na kai wa kakanki. Ya ce shi ma ya gani. Ko kuskure ne aka yi tun farko, ko ganganci, ba wanda ya sani. Ya ba ni gam ya ce in mayar. Na mayar." Ya nuna durowa da haɓa. "Akwai sabo a can. Wannan ya fi ƙarfi."

"Baba!"

"Kada ki yi mini ihu a gidana."

"Shekara talatin da ɗaya kana jera wa mutumin nan gashi, kana sane? Kana ganin Joss yana yaro ana tsoma kansa a ruwa? Kana ganin labulen uwarsa a sake?"

"Ban taɓa tsoma kan ɗan kowa a ruwa ba."

"Amma kai ka zana musu wanda za su tsoma!"

Hannunsa na dama ya kama rawa a kan tebur har cokali yana ƙara. Ya danne shi da na hagu.

"Ke yarinya ce. Me ya rage a garin nan? Ma'aikatar dutse ta rufe, makaranta ta rufe, gidan waya ya rufe. Labarin nan ke kawo motoci. Shi ke riƙe da gidan shayin gwaggonki, da mai biredi, da rufin coci."

"Labarin ba zai mutu ba, Baba. Rijiya tana nan, guduma tana nan. Suna kawai zai koma wurin mai shi."

"Suna kawai." Ya ɗago, karo na farko cikin kwana biyar ya kalle ta cikin ido, ta gwammace bai kalla ba. "Ban yi karatu ba. Ban tara komai ba. Uwarki ta rasu ta bar ni da ke da gidan nan mai yoyo. Yanzu ko maɓallin rigata sai kin sa mini. Abu ɗaya gare ni, ranar Asabar ɗaya a shekara in sa kwat in tsaya a gaba, Rabaran ta miƙo mini kofin farko, mutane su ce ga jikan wanda ya shayar da gari. Shi za ki ƙwace? Saboda ɗan Skidmore?"

Ta durƙusa a gaban kujerarsa ta riƙe hannun mai rawa, tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ina son sa, Baba. Asabar zai tafi, ba zai dawo ba. Ba na iya cin abinci, ba na iya barci. Ba ƙwace maka zan yi ba, kai nake roƙo ka bayar da kanka. Ka miƙa masa kofin da hannunka, wallahi ba wanda zai kai ka girma a garin nan."

"Ya tafi mana. Ga Piers, yaro mai ladabi, ya zo ta ƙofar gaba ya gaishe ni kamar mutum."

"Ba na son Piers!"

"To kada ki aure shi, ban ɗaure ki ba. Ki zauna haka nan har ki yi furfura, ban damu ba. Amma ki ji da kyau, Briony. Gobe za ki shiga siton nan ki rufe ƙofa, ki yi hoton yadda na koya miki. Idan aka yaye mayafi na ga wani abu dabam, daga ranar ba ni da 'ya."

"Baba, don darajar Mama..."

"Kada ki sako ta a ciki."

Ya zare hannunsa, ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya tsaya yana kokawa da maɓallin wuyan rigarsa. Ta tashi za ta taimaka masa kamar kullum, ya juya mata baya.

* * *

Juma'a da hantsi masu aiki suka manna ganye na ƙarshe a jikin sararin sama, suka wanke hannu suka fita. Gwaggo Winnie ta ajiye mata shayi da yankan kek a kan benci.

"Ki ci wani abu, 'yar agwagwata, kin zama kamar tsinke. Ki bar wa Allah maganar yaron nan. Maza ba su ƙare ba."

Ta ja ƙofa. Briony ta sa sakata.

Ita kaɗai sai mutum biyu marasa kai, da bokitin Piers, da kwanon baƙaƙen iri da ake jera suna da su. Ta yayyafa wa yumɓun ruwa. Ta yi fuskokin da ɓawon ƙwai, ta yi idanu, ta yi gemu. Duk wannan hannunta ya yi shi ba tare da ta yi tunani ba.

Sai aka zo gashi.

Ta tsinke ganye ɗaya mai ruwan goro ta ɗora a kan yatsa. Ta kai shi wurin mai makulli, ta tuna Joss yana murmushi wa baƙo da makulli a hannu. Ta kai shi wurin mai guduma, ta tuna Baba yana kokawa da maɓalli. Ko ta ina ta juya, akwai wanda za ta yanka. Ta kifa goshinta a bakin allon ta yi kuka har shayin ya huce.

Da ta ɗago, ganyen ya yi laushi a yatsanta. Ta yar, ta tsinko wani, ta manna.

Rana ba ta faɗi ba ta gama, ta lulluɓe allon da mayafi ta ɗaure igiyoyinsa. Ta kira wayar Joss sau bakwai, a kashe. Ta ruga gidansa, ƙofa a kulle, motarsa ba ta nan. Ta rubuta a bayan wata takarda, "Ka zo rijiya gobe, sau ɗaya kawai," ta tura ta ƙarƙashin ƙofa, alhali ta san tun da ya yi wayo bai taɓa taka wurin ba ranar Asabar ɗin nan.

* * *

Gari ya waye da rana mai kyau, abin da ba kasafai ake samu ba. Manyan motoci biyar suka sauke baƙi. Masu busa suka zagaya gari, aka kafa allon a bayan rijiya da mayafinsa. Baba Clive yana gaba da baƙin kwat, Gwaggo ce ta sa masa maɓalli. Piers yana gefe, hannunsa bai bar aljihu ba.

Briony ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har can bayan taro. Ba gashi mai ruwan goro ko ɗaya.

Rabaran Hale ta yi addu'a, ta ɗebo ruwa a kofin azurfa, ta ce, "Mai zane, bismillah."

Briony ta ja igiya. Mayafi ya faɗi.

Baƙi suka ɗau tafi, wayoyi suka tashi sama. 'Yan gari kuwa ba wanda ya motsa. Mai guduma ne tsaye, gashinsa yana ƙyalli a rana kamar wuta, a ƙasansa an jera Skidmore da baƙin iri. Mai makulli an yi masa furfura da gashin tunkiya. Sunan da ke ƙasansa kowa ya karanta, ba wanda ya furta.

"Wayyo ni Winnie," in ji Gwaggo, ta dafe ƙirji.

Piers ya matso yana raɗa. "Bri, kuskure ne ko? Ki ce kuskure ne. Kofi ɗari shida na buga!"

Ta zaro tsohuwar takardar daga jakarta ta miƙa wa Rabaran. Ta ɗaga murya.

"Ba kuskure ba ne. Ga asalin zanen nan. A kife muke shimfiɗa shi tun kafin a haife mu."

Ba ta ce ubanta ya sani ba. Wannan kam ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Baƙuwar nan mai hular kaba, da yake ba ta san dawan garin ba, tuni ta tsoma yatsa a kwamin rijiya ta watsa wa mai makulli ruwa tana ƙyalƙyala dariya. Ta juyo ga tsohon da ke kusa da ita.

"Baba, kai ba za ka watsa wa wannan Ashmore ɗin ba? An ce sa'a ce!"

Ɗigon ruwan har a kan kwat ɗinsa. Baba Clive bai goge ba. Ya tako a hankali har gaban 'yarsa, ya miƙa hannun nan mai rawa, tafin a buɗe.

"Ba ni makullin gida."

"Baba..."

"Kin gaya wa duniya mu masu makulli ne. To ba ni abina."

"Baba, ka yi mini rai, a gaban mutane..."

"A gaban mutane kika yi naki."

Ta laluba aljihu. Ta ɗora makullin a tafinsa. Rawar hannun ta sa ya faɗi a kan dutse, ta sunkuya za ta ɗauko, ya riga ta. Ya miƙe ya ratsa taron, mutane suna buɗa masa hanya, bai waiwayo ba.

Rabaran Hale ta daɗe tana duban takardar, ga kofi a ɗaya hannun. Kofin farko na jikan wanda ya buɗe rijiya ne, haka aka gada. Ta gyara murya.

"Akwai wani Skidmore a nan?"

Tun da aka san garin, yau ne aka fara kiran sunan nan a bakin rijiya ba a yi dariya ba, mai sunan kuma ba ya nan ya ji.

"Akwai Skidmore?"

Sai Briony ta ji ƙarar mota daga sama. Ta ɗaga kai. Farar akori-kurar Joss ce take hawa tudu, an ɗaure kaya a baya da tamfol, ta nufi ƙyauren shinge.

Ba ta san lokacin da ta fizge kofin daga hannun Rabaran ba. Ta rufe bakinsa da tafi ta kwasa da gudu, Piers yana kiranta, Gwaggo tana salati irin nasu.

Ta hango shi ya sauka ya buɗe ƙyaure, ya koma mota. Tudun kamar ƙaruwa yake. Takalminta ɗaya ya fice ta bar shi. Ruwa yana tsiyaya ta tsakanin yatsunta yana bin hannun rigarta. Motar ta ratsa ta wuce.

Abu ɗaya ya rage mata a duniya, halinsa. Joss bai taɓa barin ƙyaure a buɗe ba.

"Ya Allah," take cewa, numfashi yana yankewa, "ya Allah kada yau ya zama na farko."

Jajayen fitilun baya suka kama. Ƙofar mota ta buɗe. Ya sauko, kansa a ƙasa, ya kama ƙyauren yana ja.

"Skidmore!"

Da duk ƙarfin da ya rage mata ta kira, har 'yan bakin rijiya suka ji. Ya ɗago a firgice. Ta ƙaraso tana tangaɗi, ƙafa ɗaya ba takalmi, fuska duk hawaye.

Idonsa ya sauka kan yatsunta, kamar ranar Laraba. Sun rine da ruwan goro har cikin farce. Ta ga fuskarsa ta mutu a gabanta.

"Kin yi ke nan," ya ce.

Ya ƙarasa jan ƙyauren, sakata ta faɗa, ita a wannan gefe, shi a wancan.

Ta ɗaga tafinta daga bakin kofin. Abin da ya rage a ciki bai fi kurɓa ɗaya ba. Ta miƙa shi ta saman ƙyauren da hannu biyu.

"Naka ne," ta ce da ƙyar. "Joss, kofin farko ne. Baba ya karɓe makullinsa, ba ni da inda zan koma. Naka ne tun shekara ɗari huɗu."

Injin motar yana ta kaɗawa a bayansa. Ya dubi kofin, ya dubi yatsunta, ya dubi can ƙasa inda gari duka ya juyo yana kallon tudu.

Bai karɓa ba. Bai kuma saki sakatar ba.